GARIN NEMAN ƘIBA A SAMO RAMA: CIWON HANJI DA MAGANIN ƘARFI A ƘASAR BUNKURE

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Rano cikin rani, da ya kusa Bunkure zai ga abin da kakanninmu ba su taɓa gani ba. Ko'ina ƙasa ta bushe, amma ga gonaki kore shar, shinkafa nan, alkama can, ga tumatir da albasa da masara iyakar ganin ido. Wannan albarka kuwa daga madatsar ruwan Tiga ta fito, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ya ke biyo babban kanal, ya rarrabu cikin ƙanana, ya shayar da gonakin ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam.

Dā manomi ya kan huta in ya kai amfanin gona rumbu. Yanzu kuwa babu hutu, rani da damina. Daga dashen shinkafa sai ban ruwa, daga tsinkar tumatir sai dakon kwanduna a Kwanar Gafan. Ɗan ƙwadago ba shi da wani jari sai ƙarfinsa, ran da ya kwanta, ran nan tukunyar gidansa ba ta hau wuta ba. Don haka ba abin mamaki ba ne da maganin ƙarfi ya sami kasuwa. Haka kuma ciwon ciki da zawo da jini ba baƙi ba ne a inda mutane ke wuni cikin ruwa. To, inda waɗannan abu biyu suka gamu cikin jikin mutum ɗaya, nan ne mu ke so mu ja hankalin masu karatu, gama an yi hasarar lafiya da yawa a wurin, a kan rashin sani kawai.

BA KOWANE JINI NE BASIR BA

A ƙasarmu da zarar mutum ya ga jini cikin bayan gidansa sai ya ce basir ne ya tashi, ya nemi jiƙo ko sassaƙe. Amma abubuwan da ke kawo jini suna da yawa. Akwai atuni, wanda ƙwayoyin cuta na cikin ƙazamin ruwa ke kawowa. Akwai tsargiya, wadda tsutsarta ke fitowa daga jikin dodon koɗi na bakin kanal, ta huda fatar mai ban ruwa. Iri ɗaya na sa fitsarin jini, ɗaya irin kuwa cikin bangon hanji ya ke zuba ƙwai. Akwai kuma tarin fuka da kan kama hanji, akwai ciwon daji. Atuni da tsargiya su ne suka fi yawa a ƙasar noman rani, kuma Allah cikin ikonsa ya sa suna da magani mai sauƙi, in dai an duba bayan gida da madubin likita an gane su.

Akwai kuma wata cuta dabam, wadda ba ta kai waɗancan yawa ba a nan, amma likitocinmu suna gamuwa da ita. Ita ce kumburin hanji mai daɗewa. Wannan ba ɗauka a ke yi ba, ba kuma ƙazanta ce ta mai ita ba. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar cuta, ta ke juyowa ta dinga cin bangon hanji har ya yi gyambo. Iri biyu ce. Na farko babban hanji kaɗai ya ke kamawa, tun daga ƙofar dubura ya yi sama, likitoci na kiransa kolaitis. Wani likitan London, Samuel Wilks, shi ya fara bayyana shi a 1859. Na biyu shi ne cutar Crohn, wadda ta ci sunan Burrill Crohn, likitan da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa biyu a birnin New York a 1932. Ita kuwa tana iya kama ko'ina tun daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji.

Alamunta su ne zawo da jini da majina na tsawon makonni, murɗar ciki, yawan tashi cikin dare, ƙarancin jini, da rama. Ta kan lafa, ta kuma taso. Abin baƙin ciki, samari da 'yan mata ta fi kamawa, watau daidai lokacin da mutum ya fi bukatar ƙarfinsa, ya kuma fi jin kunyar a ce ya rame.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

A nan ruɗani ya ke shigowa. Akwai magunguna iri biyu da duka a ke kira sitiroyid, amma halinsu ya sha bamban kamar dare da rana.

Na farko ɗan'uwan wani sinadari ne da wani ɗan ƙullutun nama da ke zaune bisa kan kowace ƙoda ya ke fitarwa. Aikinsa kashe kumburi. A 1948 aka fara ba mai ciwon sanyin ƙashi kotizon a asibitin Mayo na Amurka, har Philip Hench da Edward Kendall da Tadeus Reichstein suka sami kyautar Nobel a 1950 saboda wannan aiki. A 1955 kuma likitoci biyu na Oxford ta Ingila, Truelove da Witts, suka nuna da gwaji cewa yana kwantar da kolaitis in ya taso. Jikokinsa su ne Prednisolone da Dexamethasone da za ka gani a rubuce jikin kwali a kemis. Su ne kuma a kan zuba cikin haɗin maganin gajiya da ciwon jiki, su ne cikin da yawa daga ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe. Lalle suna buɗe ciki, su kumbura fuska da tumbi, amma ba ƙarfi su ke ƙarawa ba. In an daɗe ana sha naman cinya da na dantse su ke zaizayewa, ƙashi ya yi rauni, su jawo ciwon sukari da hawan jini, su kuma karya garkuwar jiki.

Na biyu ɗan'uwan sinadarin mazakuta ne, watau Testosterone, wanda 'ya'yan maraina ke fitarwa, aka kuma fara haɗa shi a ɗakin bincike a 1935. Shi ne wanda wasu masu ɗaga ƙarfe da 'yan wasa su ke sha ko su ke yin allurarsa don dantse ya cika. Duniya ba ta manta da Ben Johnson na Kanada ba, wanda ya ci tseren mita 100 a wasannin Olamfik na Seoul a 1988, kwana kaɗan aka ƙwace lambar zinariyarsa don an sami Stanozolol cikin fitsarinsa. Wannan irin yana ƙara nama, gaskiya ne, amma ba ya cikin magungunan da likitoci ke bayarwa don warkar da gyambon hanji.

INDA SU KE KARO

Bari mu buga misali. A ce ga wani saurayi ɗan dako, ya yi wata biyu yana zawo da jini, ya rame, buhun da ya ke ɗauka shi kaɗai yanzu sai an kama masa. Ya je kemis aka haɗa masa ƙwayoyi. Cikin mako guda zawo ya ragu, ciki ya buɗe, fuska ta yi bul-bul, abokai na cewa ya murmure. To, in atuni ne ke gare shi, an ɗaure mai gadi ne an buɗe wa ɓarawo ƙofa, gama kotizon da danginsa kan sa atuni ya yi tsanani har hanji ya huje. In tarin fuka ne, sai ya bazu. Akwai ma wata irin tsutsa da ke shiga ta fatar ƙafa a ƙasa mai damshi, wadda kan zauna shiru cikin hanji shekara da shekaru, amma da an sha irin wannan magani sai ta hayayyafa ta mamaye jiki. In kuwa kolaitis ne, an lulluɓe shi ne kawai, ba a kashe ba. Ga shi kuma maganin ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen, da ba a rasa su cikin haɗin, su kan tayar da wannan cuta.

A ce kuma saurayin ya ga dantsensa bai dawo ba, wani aboki da ya zauna birni ya kawo masa allurar ƙara nama. Ga abin da zai biyo baya. Na ɗaya, mai kumburin hanji da ma jininsa na da saurin daskarewa cikin jijiya fiye da na mai lafiya, balle lokacin da cutar ta taso. Wannan allura kuwa kauri ta ke ƙara wa jini. Gudan jini in ya taso daga ƙafa ya toshe huhu, sai dai wani ikon Allah. Na biyu, hanta. Irin waɗanda a ke haɗiya sun shahara wajen ɓata hanta da kawo shawara. Wasu magungunan hanjin, irin su Azathioprine, su ma sai ana auna hanta a kai a kai. In ta sami matsala, likitan da aka ɓoye wa gaskiya zai ɗora laifi a kan maganin da ke taimako, ya tsayar da shi, ya bar mai ɓarnar. Na uku, allurar da a ke yi a ɗaki, wani lokaci sirinji ɗaya mutum biyu, hanya ce ta ciwon hanta da cutar ƙanjamau, da ƙurji mai ruwa ga wanda garkuwarsa ta riga ta yi rauni. Na huɗu, jiki in ya ga sinadarin mazakuta na zuwa daga waje sai ya daina yin nasa, maraina su motse, maniyyi ya ragu, har a rasa haihuwa. Wani ma nono ya kan fito masa. Mace kuwa murya ta yi kauri, gemu ya tsiro. Ka ga an je neman gira an rasa ido.

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Ramar mai ciwon hanji daga hanjin ta ke. Muddin gyambo na zubar da jini, abinci kuma na wucewa bai zauna ba, babu allurar da za ta gina jiki mai ɗorewa. In an kashe kumburin, aka biya jinin da ya zuba, aka ci wake da ƙwai da kifi da nama gwargwadon hali, nama ya kan dawo da kansa.

Masu shakka su dubi manyan 'yan wasa. Steve Redgrave na Ingila, gwanin tseren kwale-kwale, an gane yana da kolaitis a 1992, amma ya ci lambar zinariya a Olamfik biyar a jere, daga 1984 zuwa 2000. Darren Fletcher, wanda ya yi wa Manchester United wasa, a Disamba 2011 aka bayyana cewa cutar ta sa ya ajiye ƙwallo, aka yi masa aiki a Janairu 2013, kafin ƙarshen shekarar ya dawo fili. Da likita da haƙuri suka koma bakin aikinsu. Ko hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, wadda aka kafa a 1999, ta yarda ɗan wasa mai ciwo ya sha maganin da aka hana, amma sai da takardar likita da izini.

YADDA A KE ZAMA DA ITA

Wanda zawo da jini ya wuce masa mako biyu, ko ya yi ta dawowa, ya tafi asibiti a duba bayan gidansa da jininsa. In an yi maganin atuni da tsargiya abin bai tsaya ba, sai a tura shi birni, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda a ke leƙa hanji da na'ura, a gutsuro ɗan nama a auna. Ta haka kaɗai a ke tabbatarwa.

In an tabbatar, likita ya kan ba da Prednisolone na 'yan makonni don kashe wutar, yana ragewa sannu sannu. Sa'an nan ya ɗora mutum bisa maganin da ke hana ta tasowa, irin su Sulfasalazine ko Mesalazine, waɗanda a ke sha ko da an ji sauƙi. Mai neman haihuwa ya faɗa wa likita, gama Sulfasalazine kan rage maniyyi, ko da ya ke ya kan dawo in an sauya magani. Mai cutar Crohn ya bar taba. Wanda ya shekara takwas da kolaitis ya kamata a riƙa leƙa hanjinsa lokaci lokaci, saboda gudun ciwon daji.

Wanda kuwa ya riga ya daɗe yana shan Dexamethasone ko ƙwayar ƙiba, kada ya karanta wannan ya watsar da ita yau. Wanda ya wuce mako uku yana sha, jikinsa na iya daina yin nasa sinadarin, in ya tsaya farat ɗaya sai jiri da amai da faɗuwar jini, har ta kai ga rasa rai. Sai likita ya yaye shi a hankali. Mai yin allurar ƙara nama shi ma ya faɗi gaskiya, ya kai kwalin a gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In da gaske ne doguwar jinya ta rage masa sinadarin mazakuta, ana iya aunawa, likita ya ba shi daidai bukata, yana lura da jininsa. Wannan magani ne, wancan kuwa caca ce da rai.

GA MALAMAI DA AKAWUNA

Tun zamanin En'e, mutumin ƙauye in an ba shi takarda ko kwalin magani, wurin malamin makaranta ko akawu ya ke kaiwa a karanta masa. Har gobe haka ne. Saboda haka wannan nauyi a wuyanku ya ke. In an kawo muku kwali kun ga ɗaya daga sunayen nan da muka ambata, ku tambayi wanda ya rubuta shi. In kun ga almajirinku yana yawan neman izinin fita bayan gida, yana ramewa, kada ku ɗauka wayo ne, ku kira mahaifinsa. In kun ga fuskar wani ta kumbura alhali ƙafafunsa sun sirance, ku sani ba ƙiba ba ce. Ku kuma yi wa masu gona magana, su yi wa ɗan ƙwadagon da ba shi da lafiya rangwame ya je asibiti, gama tsoron rasa aikin yini ɗaya shi ke kai da yawansu ga kemis.

Ruwan Tiga ya kawo arziki, amma sai mai lafiya ke cin moriyarsa. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma tsare samarinmu daga ƙarfin aro, amin.