Abubuwan Mamaki Game da Sarauniya Suiko ta Japan

Suiko ce mace ta farko da tarihi ya tabbatar ta hau gadon sarautar Japan, kuma ta yi shekara 35 a kai, daga 593 zuwa 628. Ga kaɗan daga abin da tsohon kundin tarihin ƙasar, Nihon Shoki, da makamantansa suka adana.

Ta gaji wanda aka kashe. Kawunta, Soga no Umako, shi ya sa aka hallaka Sarki Sushun a 592. Manyan fada suka roƙe ta ta karɓi sarauta don a kashe wutar rikici.

Kawun ma bai juya ta ba. A 624 Umako ya nemi ta mallaka masa gundumar Kazuraki. Ta ƙi, don kada 'yan baya su zarge ta da ɓarnatar da ƙasar sarauta.

Turare a murhu. A 595 ruwa ya kawo wani gungume gaɓar tsibirin Awaji. Mutanen wurin suka cusa shi a wuta tare da sauran itacen girki, sai ƙamshi ya game ko'ina. Suka zare shi da sauri, suka kai fada. Ashe itacen turaren wuta ne mai tsada.

Raƙumi ya zama abin kallo. A 599 masarautar Baekje ta Koriya ta aiko da kyautar raƙumi, da jaki, da tumaki biyu.

Hula ke nuna matsayi. A 603, ita da ɗan ɗan'uwanta Yarima Shotoku suka kafa matakan muƙami 12. Da ganin launin hular bafade an san girmansa.

Wasiƙar da ta ɓata ran Sarkin Sin. A 607 jakadanta Ono no Imoko ya kai saƙon da ya kira mai mulkin Japan sarkin mafitar rana, na Sin kuwa sarkin mafaɗarta. Sarki Yang na Sin ya fusata da aka daidaita su.

Wasiyyarta. An yi kusufin rana tana kwance ba lafiya a 628. Da yake amfanin gona bai yi kyau ba, talakawa na fama da yunwa, sai ta hana a gina mata ƙasaitaccen kabari, ta ce a binne ta a na ɗanta, Yarima Takeda. Wannan tausayin ya isa a riƙa tunawa da ita.

Bayanta. Mata bakwai sun yi sarauta bayan Suiko, amma dokar Japan ta yanzu maza kaɗai ta yarje wa hawa gadon.