Sunayen Garuruwa a Tsohuwar Ƙasar Sin

A tsohuwar ƙasar Sin ba a raɗa wa gari suna haka kawai. Wannan darasi zai duba hanyoyi uku da sunayen suke samuwa.

Hanya ta farko ita ce yanayin ƙasa. Kalmar "yang" tana nufin ɓangaren da rana take haskawa, wato kudancin dutse ko arewacin kogi, "yin" kuwa kishiyarta ce. Saboda haka Luoyang yana arewacin kogin Luo, Huayin kuma yana arewacin dutsen Hua.

Ta biyu ita ce fatan masu mulki. Daular Han ta kira babban birninta Chang'an, wato "zaman lafiya mai ɗorewa". A shekarar 1369, lokacin da fadar sarki take can gabas a Nanjing, daular Ming ta sa masa Xi'an, ma'ana "zaman lafiyar yamma".

Ta uku ita ce girmama sunan sarki, wanda ba a yarda talakawa su faɗa ko su rubuta ba. A shekarar 313 aka sauya Jianye ya koma Jiankang, domin sabon sarkin daular Jin sunansa Sima Ye. Garin shi ne Nanjing na yau.

Abin lura ga ɗalibi shi ne, gari ɗaya yakan ɗauki sunaye da dama. Wanda bai san haka ba zai ɗauka garuruwa ne daban-daban. Wanda ya sani kuwa, sunan da ya tarar a tsohon rubutu zai taimaka masa ya gane zamanin da aka yi rubutun.