Jinin Zaɓen 2011 da Hakkin da Ya Rage

Ya kai mai karatu, ga labarin wata fitina wadda ya kamata malaman allo da fatake na ƙasar Kiyawa su riƙa tunawa duk sa'ad da zaɓe ya gabato.

Ran Asabar, 16 ga Afril, 1911 ba ce ba, ta 2011 ce, aka jefa ƙuri'ar shugaban Nijeriya. Hukumar zaɓe, wadda Farfesa Attahiru Jega ke shugabanta a lokacin, ta ce Goodluck Jonathan ya sami ƙuri'a wajen miliyan 22, Janar Muhammadu Buhari kuwa miliyan 12. Jihohin Arewa 12 suka bi Buhari, har da Jigawa. Jam'iyyarsa ta CPC ta ce an yi maguɗi. Kafin a kai ƙara gaban alƙali, wuta ta riga ta tashi.

Kwana uku ana ƙone-ƙone da kashe-kashe. Wata ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta Amurka, Human Rights Watch, ta aiko mutanenta suka bi gari gari suna tambaya. A watan Mayu ta ce an kashe fiye da mutum 800, an raba fiye da 65,000 da gidajensu, ta kuma lissafa Jigawa cikin jihohin da tarzomar ta taɓa. A biranen Arewa an ƙone coci-coci da kantunan Kirista. A Zonkwa da Kafanchan, kudancin Kaduna, an kashe Musulmi ɗaruruwa, kasuwar Kafanchan ta ƙone. A Bauchi an kashe 'yan hidimar ƙasa 10, baƙi waɗanda aka turo aikin zaɓe. Ƙungiyar ba ta ƙyale hukuma ba, gama ta ce 'yan sanda da soja sun harbe waɗansu da ba su riƙe da makami a Zariya da Kaduna.

Waɗansu sukan ce, ina ruwan mutanen waje da sha'aninmu? Amsa ita ce, abin da suka nema bai wuce abin da malaman fiƙihu ke karantarwa a zaure ba: a san wanda ya kashe, a hukunta shi, a biya mai hakki. Shaihu Ahmad Lemu ma, wanda Gwamnati ta ɗora bisa kwamitin bincike, da ya miƙa rahotonsa a watan Oktoba na shekarar, ya nuna cewa watsi da shawarwarin kwamitocin baya shi ya sa masu ɓarna suka daina tsoro. A 2013 Gwamnati ta ware Naira biliyan 5.7 domin jihohi tara, Jigawa na ciki. Amma kuɗi ba ya tsayawa a madadin shari'a, waɗanda aka hukunta kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Da zaɓen 2015 ya ƙarato, duniya ba ta jira jini ya zuba ba. Ran 14 ga Janairu aka sa 'yan takara hannu a alkawarin zaman lafiya a Abuja, gaban Kofi Annan. Fatou Bensouda, mutuniyar Gambiya, mai gabatar da ƙara a Kotun Duniya a lokacin, ta yi kashedi ga masu tunzura jama'a. Ran 31 ga Maris Jonathan ya buga wa Buhari waya ya amsa kaye, ƙasa ta kwana lafiya.

To, ina rabon mutumin Kiyawa a wannan labari? Falken da ya ɗauki kaya daga kasuwar Shuwarin ya nufi kudu, baƙo ne a can, kamar yadda mai kanti ɗan kudu yake baƙo a Dutse. Wanda ya taɓa baƙon nan ya sa wuyan ɗan'uwansa na can a wuƙa. Malami kuwa, almajiransa amana ce daga iyayensu. In tarzoma ta tashi, sunansu ake fara kira, ko sun yi ko ba su yi ba, su ne kuma harsashi ke samu a titi. Saboda haka ranar da za a faɗi sakamako, sai malam ya ƙirga yaransa, ya tsare su bisa allo, kada ya ba ɗan siyasa aron ko ɗaya. Mai ƙorafi ya nufi kotu. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasa lafiya.