Gidan Alice Austen a Bakin Ruwa

Daga unguwar Tompkinsville ta tsibirin Staten, a birnin New York, ba nisa zuwa unguwar Rosebank. Can bakin ruwa gidan Alice Austen yake, ginin da aka fara wajen 1690.

Alice mai ɗaukar hoto ce. Ta bar dubban hotuna, har da na 'yan talla da masu shara a titunan Manhattan. Haƙurinta ne ya fi burge ni: a ƙaramin ɗaki take wanke hoto, ta fita famfon waje ta ɗauraye.

Karayar tattalin arzikin 1929 ta cinye dukiyarta, ta rasa gidan a 1945. Hukumar birni ta mallake shi a 1975, aka gyara, aka buɗe wa jama'a a 1985.