Daga Najran zuwa Dutsen Sina'i: Abin da masana suka gano kan tsofaffin littattafan Linjila

Duk wanda ya tashi a cikin Hausawan Riyad ya san sunan marigayi Ahmed Deedat. Iyayenmu sun saurari kaset-kaset ɗinsa, a shekarar 1986 aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal, kuma da ciwon shanyewar jiki ya kama shi a 1996, nan Riyad aka kawo shi jinya. Daga gare shi matasanmu da dama suka gaji sha'awar muhawara kan Linjila. To sai dai yau abin ya koma waya, kowa na tura wa ɗan'uwansa hoton wani tsohon littafi ana cewa ga Linjilar asali an gano, alhali muna aiki kafaɗa da kafaɗa da Kiristoci 'yan Filifin da Indiya da Habasha, waɗanda wasunsu sun fi mu sanin tarihin littafinsu. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa mai karatu abin da masu bincike suka tabbatar.

Da farko dai, littattafai 27 da Kiristoci ke kira Sabon Alkawari da harshen Girka aka rubuta su, a rabi na biyu na ƙarnin farko na Miladiyya zuwa farkon na biyu, kuma babu ko ɗaya da ya iso gare mu da rubutun hannun marubucinsa. Abin da ake da shi kwafe-kwafe ne, sama da 5,000 a harshen Girka kaɗai, kuma wata cibiya da Kurt Aland ya kafa a birnin Munsta na Jamus a 1959 ce ke riƙe da rajistarsu. Wanda aka fi ambata a matsayin mafi tsufa wani ɗan guntu ne da bai kai tafin hannu ba, ɗauke da 'yan layuka daga Linjilar Yohanna. A Masar aka saye shi a 1920, aka wallafa bayaninsa a 1935, yana ajiye a Mancesta ta Ingila, kuma akasarin masana na sanya shi a ƙarni na 2. Hanyarsu ita ce kwatanta salon rubutun da na wasu takardun da ke da kwanan wata, kamar yadda malaminmu na zaure zai kalli allo ya gane hannun Barno daga na Kano.

Cikakken Sabon Alkawari mafi tsufa kuwa a maƙwabtanmu aka same shi, a gidan sufaye na Santa Katarina da ke gindin Dutsen Sina'i. Kundi ne na fata da aka rubuta a ƙarni na 4. Wani Bajamushe mai suna Tischendorf ya fara ganin wasu shafukansa a 1844, ya koma a 1859 ya tafi da mafi yawansa Rasha, sannan a 1933 gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Ingila shi a kan fam 100,000. Da aka kwatanta shi da kwafe-kwafen baya, sai aka ga babu ayoyi 12 na ƙarshen Linjilar Markus a cikinsa, haka nan babu labarin matar da aka kama da zina da ke cikin Yohanna. Abin lura a nan shi ne, malaman Kiristan ne da kansu suka bankaɗo wannan, suna kuma rubuta shi a ƙasan shafi a bugu na zamani. Saboda haka wanda ya kawo shi a muhawara kamar wani sirri da ya tono, abin da abokin maganarsa ya karanta a makaranta ne ya maimaita masa.

Sai batun Linjilar Barnaba, wadda ita ce ta fi yawo a wayoyinmu. Cikakken kwafinta mafi tsufa da harshen Italiya yake, na ƙarshen ƙarni na 16, yana ɗakin karatu na ƙasa a Biyana ta Ostiriya. An fassara ta zuwa Ingilishi a 1907, sai Khalil Sa'ada ya mai da ita Larabci, Rashid Rida ya buga a Alƙahira a 1908, daga nan ta bazu a ƙasashen Musulmi. Marubucinta ya ce Annabi Isa (AS) ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, garin da ke kan tudu nesa da gaɓa. Abin da ya fi wannan nauyi a wajenmu, littafin ya sa Annabi Isa yana musanta cewa shi ne Almasihu, alhali da wannan sunan Alƙur'ani ya kira shi. A ganinmu wannan kaɗai ya isa Musulmi ya yi hattara da shi. Akwai kuma wata tsohuwar Wasiƙar Barnaba a cikin kundin Sina'i, amma wani rubutu ne daban, sunan ne kawai ya haɗa su.

Tambayar da ta fi kusa da mu ita ce, shin akwai Linjila da Larabci kafin zuwan Musulunci? Kiristoci dai akwai su a wannan yanki, ko shakka babu. A Najran, kusan kilomita 1,000 kudu da Riyad, sarkin Himyar Zu Nuwas ya yi wa Kiristocin garin kisan gilla wajajen shekarar 523, kuma malaman tafsiri da yawa na danganta ƙissar mutanen rami ta cikin Suratul Buruj da wannan lamari. Har yau kufan garin na nan da sunan Ukhdud. Labarin kisan ya zo a wani littafi na harshen Suryani da aka tsinci ragowar shafukansa a cikin bangon wani littafin, wanda Axel Moberg ɗan ƙasar Suwidin ya wallafa a 1924.

A 2014 kuma wata tawagar masana ta Saudiyya da Faransa ta gano rubuce-rubuce a jikin duwatsun Hima, kimanin kilomita 100 arewa da Najran. Ɗaya daga ciki na ɗauke da sunan Sauban ɗan Malik tare da alamar gicciye, da kwanan wata da ya yi daidai da shekarar 469 ko 470, kuma haruffansa na daga cikin mafi tsufa na rubutun da ya rikiɗe ya zama Larabcin da muke karantawa. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Hima cikin wuraren tarihi na duniya.

Amma sunaye da gicciye a jikin dutse ba fassarar littafi ba ne. Hadisin farkon wahayi da ke cikin Bukhari ya nuna Waraƙa ɗan Naufal yana rubuta abin da ya sawwaƙa daga Linjila, sai dai ruwayoyin sun bambanta kan harshen, wata ta ce Ibrananci wata ta ce Larabci. Marigayi Irfan Shahid ya tafi a kan cewa Larabawa Kiristoci sun mallaki wani ɓangare na littafin da harshensu tun kafin Musulunci. Sidney Griffith kuwa, a littafinsa na 2013, ya ce da Suryani ko Girkanci ake karantawa a majami'a, a yi wa jama'a tafinta da baki, fassara a rubuce sai bayan saukar Alƙur'ani. Takardun da ke hannu sun fi goyon bayan Griffith, domin ɗaya daga cikin tsofaffin fassarorin Larabci masu kwanan wata ita ce ta wasiƙun Bulus da Bishr ɗan Sirri ya yi a Dimashƙ a shekarar 867, fiye da shekara 230 bayan wafatin Manzon Allah (SAW). Ita ma a gidan sufayen Sina'i take ajiye.

Su kuwa Kiristocin Najran, wakilansu sun je Madina wajajen shekara ta 9 ko ta 10 bayan Hijira, suka tattauna da Manzon Allah (SAW) kan matsayin Annabi Isa, aka ƙulla yarjejeniya suka koma gida da addininsu. A zamanin Halifa Umar (RA) aka mayar da su Iraƙi, inda suka zauna kusa da Kufa a wani wuri da aka riƙa kira Najraniyya.