Sitaj: Aikin da Rumbun Uba ke Biya

Tun da jami'o'in Nijar suka rungumi tsarin LMD (lisans, masta, doktora), ɗalibi ba ya samun lisans sai ya tara kiredi 180 cikin zango shida. A fannonin sana'a kuwa, wani kaso na wannan adadi a wajen aji ake nemo shi: sai an je sitaj a wata ma'aikata, an rubuto rahoto, malamai sun duba sun ba da maki. Haka abin yake a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, haka a makarantar kiwon lafiya ta ENSP. Tsarin yana da hujja, domin ba a koyon allura a kan allo.

Sai dai mafi yawan wannan aiki ba a biyan ko dala a kansa.

Ɗan birni ba ya jin nauyin abin sosai: a gidansu zai kwana, tuwon gidansu zai ci. Yaron da ya fito daga Waca, ko daga wani ƙauyen Dungas, shi ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Ma'aikatun da sa hannunsu ke da daraja suna Damagaram ko Yamai, mafi kusa Magarya. Kuɗin mota, haya, kabu-kabun safe da yamma, buga rahoto, duk daga gida za su fito. In sitaj ya faɗo a damina, an yi asara biyu: gona ta rasa mai noma, ga rumbu ya yi ƙasa. Uba ya sayar da akuya ko tiyoyin hatsi don ɗansa ya yi wa wata ma'aikata aiki kyauta. Ga 'ya mace abin ya fi tsanani, don iyaye da yawa ba sa sakin ta zuwa garin da ba ta da dangi.

A Faransa, inda muka aro tsarin, doka ta wajabta biyan mai sitaj in ya wuce wata biyu. Nijeriya ma tun 1973 take da shirin sitaj na SIWES mai ba da alawus, ko da yake ɗalibai na kukan jinkiri. Mu dai mun ɗauko wajabcin, mun baro haƙƙin.

A ganina gyara zai iya farawa daga ƙaramar hukuma. Likitar Waca na buƙatar hannu lokacin zazzaɓin cizon sauro, ofishin magajin gari na da takardun haihuwa jibge. In jami'a ta amince da waɗannan wurare, ta riƙa turo malami mai duba aiki, magajin gari ya ɗauki nauyin ɗaki da abinci, ɗan Waca zai cika kiredinsa a gida, akuyar kuma ta zauna a turke.