Yadda Ake Nemo wa Unguwa Tallafi: Darasin da Famfon Makarantarmu Ya Koya Mana

A dogon hutun bara, mu bakwai 'yan ƙungiyar ɗaliban garinmu da ke karatu a jami'o'i muka kai ziyara tsohuwar sakandarenmu. Famfon tuƙa-tuƙan da muka sha ruwansa shekara shida ya daina kawo ruwa. Da an kaɗa ƙararrawar tara, sai ka ga ɗalibai sun fita da bokiti zuwa cikin gari, wasu kuma ba sa dawowa aji sai washegari.

Abin ya dame mu. A daren muka rubuta wasiƙa shafi ɗaya, muka ce makarantarmu tana cikin mawuyacin hali, a taimaka mana da rijiyar burtsatse don Allah. Muka aika wurare biyar. Wata uku shiru kake ji.

Da muka gaji da jira, sai muka kai wa wani dattijo a unguwarmu, tsohon ma'aikacin gwamnati, kwafin wasiƙar. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce: "'Ya'yana, wannan ai kuka kuka yi. Ɗalibai nawa ne a makarantar? Nawa kuke nema? Wa zai karɓi kuɗin? In rijiyar ta lalace, wa zai gyara?" Muka ce, "Baba, ba mu yi wannan tunanin ba." Ko tambaya ɗaya ba mu iya amsawa ba.

Ƙannenmu, abin da muka koya daga ranar ne muke so mu ba ku tun kuna sakandare.

Ina kuɗin yake?

Tallafi kuɗi ne da ake bayarwa don a yi wani aiki takamaimai. Ba a biyan sa kamar bashi, amma dole a kawo bayanin yadda aka kashe shi. Kowane mai bayarwa yana da irin aikin da ya sa gaba.

A fara daga gida. Makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, inda iyaye da malamai da masu unguwanni ke zama. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, tana da shirin da take ba waɗannan kwamitoci kuɗin ƙananan ayyuka. Haka ma shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 don ilimin 'yan mata: ta hannun SBMC yake ba sakandare kuɗin gyara. Ya fara da jihohi bakwai, Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno da Filato da Ekiti, daga baya aka ƙara wasu.

Akwai kuma ofisoshin jakadanci. Na ƙasar Japan da ke Abuja yana da shirin tallafa wa ayyukan al'umma irin su ajujuwa da ƙananan asibitoci da ruwan sha. Idan aikin ya shafi muhalli, kamar dashen itatuwa ko yaƙi da zaizayar ƙasa, akwai shirin ƙananan tallafi na asusun GEF, wanda hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa. Kada kuma a manta da ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana bin sawun waɗannan ayyuka, ta nan za ku iya ganin ko an riga an sa wa garinku wani aiki a kasafin kuɗi.

Abin da mai bayarwa yake nema

Na farko, lissafi. "Muna shan wahala" ba ta isa ba. A rubuta yawan ɗalibai, maza nawa mata nawa, nisan inda ake ɗebo ruwa, da mintunan darasi da ake asara kullum. A haɗa da hotuna.

Na biyu, ƙungiya tsayayya. Irin wannan tallafi ba a ba mutum ɗaya, balle ɗalibi. Ana ba kwamiti ko ƙungiyar raya gari mai rajista, wasu masu bayarwar ma sai sun ga takardar hukumar CAC, da asusun banki da sunan ƙungiyar, wanda ba mutum ɗaya ke sa hannu a cire kuɗi ba.

Na uku, kasafi dalla-dalla. Buhun siminti nawa, a kan nawa? Kuɗin leburori fa? A je kasuwa a tambayo farashi, a karɓo ƙiyasi a rubuce daga masu sana'a biyu ko uku.

Na huɗu, gudummawar gari. A shirin CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2009 zuwa 2021, al'umma ce ke zaɓar aikin da take so, ta kuma kawo kashi 10 cikin 100, ko kuɗi ko kayan aiki ko ƙarfin jiki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, aikin gayya ne da kakanninmu suka saba. Yashin da matasa suka ɗebo da filin da dagaci ya bayar duk ana yi musu kuɗi a rubuta.

Na biyar, bayan an gama fa? Mai bayarwa ya sha ganin rijiyoyin da suka mutu shekara ɗaya bayan bikin buɗewa. Ku faɗa masa wanda zai riƙe makulli da inda kuɗin gyara zai fito.

Sannan a karanta ƙa'idoji sau biyu, a kiyaye ranar rufe karɓar takardu. Wanda ya kai buƙatar banɗaki inda ake tallafa wa dashen itatuwa ya ɓata tawadarsa.

Hattara da 'yan damfara

Saƙonni suna yawo a WhatsApp da Facebook cewa an zaɓe ka za a ba ka tallafi, ka turo kuɗin fom. Masu bayarwa na gaskiya ba sa sayar da fom, ba sa neman lambar sirrin katinka, ba sa cewa ka tura wa mutum ashirin kafin ka samu. Duk sanarwar da kuka gani, ku duba ta a shafin hukumar na ainihi, ku kuma nuna wa malami.

Yadda tamu ta kasance

Mun koma makarantar da littafi da biro. Ɗaliban aji biyar ne suka ƙirga mana komai, kulob ɗin Turanci ya taya mu gyara rubutu. Da muka je karɓar ƙiyasi, mai gyaran famfo ya ce a bari ya buɗe tukuna. Ashe rijiyar tana da ruwanta, robobin ciki ne suka cinye, wasu ƙarafa kuma suka yi tsatsa. Karo-karon tsofaffin ɗalibai ya isa gyaran, cikin mako biyu ruwa ya dawo. Mun yi wata uku muna roƙon abin da ba ma buƙata, don ba mu bincika ba.

Ƙidayar ce kuma ta nuna mana babbar matsalar: banɗakin mata ya yi kaɗan ƙwarai. A kan wannan muka rubuta sabuwar takarda mai shafi shida, da sunan SBMC, da sa hannun shugaban makaranta da na dagaci. Tana gaban masu dubawa yanzu. Ko ta shiga ko ba ta shiga ba, lissafin yana hannunmu, za mu kai shi wata ƙofar.

Zomo ba ya kamuwa daga zaune. A wannan zangon, ku haɗu ku biyar, ku zaɓi matsala ɗaya a makarantarku ko unguwarku, ku ƙirga, ku ɗauki hoto, ku tambayo farashi. Sannan ku nemi shugaban makaranta ya ba ku minti goma a taron SBMC na gaba.